Masu Zane da Masu Rubutu, Ku Ajiye Waya Ku Dubi Maƙwabcinku

'Yan'uwana matasa masu zane, da marubuta, da masu waƙa, kukan da nake yawan ji a bakinku shi ne basira ta ƙafe, babu abin zanawa, babu abin rubutawa. Sai in ga mutum yana zaune a Argungu ko Jega, ya duƙufa kan waya yana kwaikwayon fuskokin mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin ni ma na yi shi.

Kowa ya san bikin kamun kifi na garinmu. Tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Ranar biki duk mai kyamara idonsa na kan giwan ruwan da aka ɗora a sikeli. Da taro ya watse, wa ke komawa ya tambayi masuncin yadda yake ci da iyalinsa sauran watannin shekara?

Akwai wani dattijo a unguwarmu, masunci ne tun tasowarsa. Na zana shi daga wani hoto da na ɗauka ba tare da na nemi izininsa ba, na kai masa ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanga ba ni na ba. Mai riƙon homa hakanga, iyalinai da yunwa za su kwana." Wallahi kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, a koya mini."

Na yi makonni ina zuwa wurinsa bayan la'asar. A nan na ga abin da hoto bai nuna mini ba: yadda yake kafa babban yatsan ƙafarsa ya ja zare in yana ɗinke homar da ta yage, da kantar da ke tafin hannunsa, da yadda yake ƙwanƙwasa gora ya kasa kunne ko ta tsage. Gorar nan a kanta yake kifa ƙirjinsa ya yi iyo, a cikinta kuma yake zuba abin da ya kama. Da na tambaye shi kifi mafi girma da ya taɓa kamawa, bai ko kula ba. Labarin shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa a fadama ya ba ni, da yadda kogin da ya yi masa ɓarna ya ciyar da shi har rani.

Magabatanmu sun san wannan hanya. Shago ɗan dambe ne, ba sarki ba ne, amma mawaƙi Ɗan Anace ya bi shi fage-fage yana yi masa waƙa har sunansa ya zauna a bakin Hausawa.

Sai dai ku ji tsoron Allah a kan mutanen nan. Talaucin wani ba kayan adonku ba ne. Kada ka ɗauki hoton tsohuwa mai turara shinkafa cikin hayaƙi ka watsa a Facebook don a ce ka iya, ita ko sunanka ba ta sani ba. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata nufinka. In ta ce a'a, ka haƙura. In aikin ya kawo kuɗi, tana da haƙƙi a ciki.

Zane na biyu ya ɗauke ni wata uku. Da na kai wa Baba, bai ce ya yi kyau ba. Ya kira jikansa ya nuna masa hannun da ke jikin takardar, ya ce, "Ka ga, hakanga aka riƙo."