Rikicin iyaka ba ciwonmu ba ne mu kaɗai

Maganar da ake ta yaɗawa tun jiya, wai rikicin iyaka tsakanin gundumomi alamar ci-bayanmu ce, kuma wai a Amurka ba a san irinsa ba, ta ɓata mini rai ƙwarai, domin ba ta da tushe. Duk inda aka shata iyaka a takarda ba tare da an taka ƙasar ba, rigima tana nan tafe, ko su wane ne mazauna wurin.

A duba gundumar Greer da ke jihar Oklahoma ta Amurka a yau. A 1819 Amurka da Sifaniya suka amince cewa kogin Red ne iyakarsu a wannan yanki, suna dogaro da taswirar John Melish ta 1818, alhali babu ɗaya daga cikin masu sa hannun da ya taɓa ganin wurin. Sai a 1852, da Kyaftin Randolph Marcy na sojan Amurka ya bi kogin, aka tabbatar cewa can sama ya rabu biyu, kuma tsakanin rassan akwai ƙasar kiwo da noma kusan eka miliyan ɗaya da rabi. Jihar Texas ta ce reshen arewa ne kogin, don haka ƙasar tata ce, gwamnatin tarayya ta ce na kudu ne. A 1860 majalisar Texas ta kafa gunduma a wurin, a 1886 mazauna suka tsara mulkinta da hedikwata a Mangum, suka buɗe makarantu, suna biyan haraji. A 1896 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙasar ba ta taɓa zama ta Texas ba, aka haɗe ta da yankin Oklahoma.

Masu cewa ai su kotu suka je, ban ga abin da wannan ya rage ba. Shekara 36 aka yi ana ja, kuma manomin da ya share daji ya wayi gari takardar gonarsa ba ta da ƙarfi, har sai da majalisar tarayya ta yi doka a 1897 ta bar wa kowa eka 160, da damar sayen wasu 160. Takardar da aka rubuta daga nesa ce ta jawo masa wannan, ba halinsa ba.

Ko bayan haka iyakar ba ta zauna ba. A 1907 aka yanke gundumar Jackson da wani ɓangare na gundumar Beckham daga cikin Greer, a 1909 aka cire gundumar Harmon, ragowar kuma har yau tana ɗauke da sunan John Greer, tsohon mataimakin gwamnan Texas.