Bakinmu Ne Ya Kwantar Da Ita

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ku ƙannena da 'ya'yana da ke tasowa.

Asabar ɗin da ta wuce na je kamun 'yar wata aminiyata a unguwar Jahun, nan cikin Bauchi. Gida ya cika, ana ta guɗa, mai hoto yana kiran dangin amarya su jeru. Ni kuma na zame na shiga ɗakin ciki don in yi la'asar. Ina tura ƙofa sai na ji ta tokare da mutum. Ƙanwar amarya ce zaune a ƙasa cikin ankonta, ɗankwali a hannu, kwalli duk ya zubo mata a kumatu. Shekararta 19. Ina wurin ranar sunanta, na goya ta a bayana.

Na tsuguna na ce, "'Yata, me ya same ki?" Da ƙyar ta buɗe baki. Ashe lokacin da ake jeruwa, wata goggonta ce ta ɗaga murya a gaban mutane ta ce, "Ke koma baya, kada ki ɓata mana hoto. Dubi yadda yayarki ta gyara jikinta, ke kuwa kullum kamar gindin tukunya." Aka kwashe da dariya. Manyan mata, masu jikoki, su suka yi dariyar. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Anti, ni fa na gaji. Da ma ba a haife ni ba."

Wallahi har yanzu maganar nan tana min yawo a kunne.

Da na ja mahaifiyarta gefe, sai ta ce ai wata huɗu ke nan ta rasa gane kanta. Ba ta cin abincin kirki, ta daina zuwa Islamiyya, da rana barci, da dare ido biyu tana latsa waya, in aka yi baƙi ta kulle kanta. "Miskilanci ne kawai," in ji uwar. "Mun ma sa an yi mata ruƙiyya." Ban raina ruƙiyya ba, Alƙur'ani waraka ne. Amma aljanin da ya taɓa yarinyar nan yana zaune a tsakar gida da anko a jikinsa, yana cin shinkafar biki. Bakinmu ne.

Abin da ke damunta yana da suna, likitoci suna ce masa ciwon damuwa. Ya wuce ɓacin ran da ke zuwa da safe ya tafi da yamma. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da ke faranta masa rai a da ya daina burge shi, barci da cin abinci suka rikice, yana jin ba shi da wani amfani, har yana tunanin gara mutuwa, to ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, kuma ana maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi kama mata a kan maza da kusan kashi 50 cikin 100. Sanadinsa da yawa: akwai gado, akwai sauyin jiki lokacin balaga da goyon ciki da jego, akwai talauci, akwai duka da wulaƙancin gidan aure. Ba ni da iko a kan waɗannan duka. Wanda nake magana a kai shi ne wanda muke ɗora wa junanmu da harshenmu, kyauta, muna dariya.

Ku saurari yadda muke gaisawa yanzu. Mace ta yi wata shida ba ta ga 'yar uwarta ba, kafin ta tambayi lafiyar yara sai ka ji, "Kai, kin yi baƙi! Me ya same ki?" Ko, "Wannan rama fa? Ba ya ba ki abinci ne?" Ko, "Ke kam kin buɗe, ki rage ci." Budurwa ta wuce, a bi ta da ido a ce ba gaba ba baya. Mai jego ta fito daga wanka ko arba'in ba ta yi ba, a fara yi mata lissafin tumbi, a ce ta ɗaure shi tun kafin maigida ya hango na waje. Alhali cikin masu ciki da masu jego, fiye da ɗaya cikin goma suna shiga ciwon damuwa ko ba a ce musu komai ba. Ga ciwon haihuwa, ga rashin barci, ga bakin 'yan barka. Magana zarar bunu ce. Ke kin faɗa kin wuce kin manta, ita kuwa ta kai ta ɗaki, ta tsaya gaban madubi tana juya ta har asuba.

A da, in an gaya wa yarinya baƙar magana, da 'yan matan unguwarsu kawai za ta gwada kanta, kuma ta san su, ta ga fuskarsu da safe kafin su wanke. Yanzu wayar da ke hannunta ce ke ƙarasa aikin da goggo ta fara. Ta buɗe TikTok ko Instagram, fuska ɗari kafin ta kai ƙasa, kowace fara sol, ba ƙurji ba tabo, hanci kamar biro, ƙugu kamar an zana. Ba ta san fitila nawa aka kunna ba, ba ta san hoto nawa aka goge kafin a zaɓi ɗaya ba, ba ta san filta ce ta rage hancin ta ƙara idon ba. Kallon kitse take wa rogo. Wadda ta ɗora hoton ma kanta in ta ajiye waya ta kalli madubi, ba ta gane wadda ke ciki. Na san wata da ba ta yarda a ɗauke ta da kyamarar waya kai tsaye, sai ta Snapchat, don ta ce ainihin fuskarta tana ba ta kunya. Fuskar da Allah ya ba ta, da ita take sujada.

Kuma masu manhajar sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, aka ga binciken da su da kansu suka yi: kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata masu tasowa da ke jin ba su gamsu da jikinsu ba sun ce Instagram yana ƙara musu wannan jin. Wannan a ƙasashen da ke da likitocin ƙwaƙwalwa birjik ke nan. Mu nan Najeriya, mutum fiye da miliyan 200, likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sai a Janairun 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan mun shafe shekaru muna aiki da ta 1958, ta zamanin Turawa. To yarinyar da muka tura cikin ramin nan da bakinmu, wa zai ciro ta?

Daga nan sai kasuwa. Ku shiga Wunti ko Muda Lawal ku tsaya wajen masu kayan shafa na minti goma, ku ga 'yan matan da ke zuwa. Wata ko sakandare ba ta gama ba, ta zo da kuɗin da ta tara a asusu tana cewa a haɗa mata man bilicin "mai saurin aiki". A haɗa a zuba a roba ba suna ba takarda. A ciki akwai zaiba mai lalata ƙoda, akwai sinadarin haidirokwinon da in aka daɗe ana shafawa yake mayar da fata baƙi ƙirin a kumatu, akwai sitiroyid mai sa fata ta yi siriri har jijiya ta bayyana, ta yi nankarwa, in an ji rauni ko an yi tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man bilicin. A Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta tsaya a Kano ta ce lamarin ya kai matsayin dokar ta-ɓaci. Garin neman gira a rasa ido. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ranar da fuskar ta ƙone, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi, jiki ya zama kala biyu, bakin nan da ya ce mata gindin tukunya shi ne zai fara toshe hanci ya ce tana warin bilicin. Ta bar fatarta mun zage ta, ta canza mun zage ta. Ina za ta sa kanta?

Ban manta da masu ƙwayar ƙiba ba, waɗanda ke tallar "sha ka fashe" da maganin hips a waya kamar suna sayar da gyaɗa. Maganin asma da na ƙaiƙayi ake ɗura wa yara don fuska ta kumbura a ce sun yi kyau. Ku ji tsoron Allah. Ku kuma samari masu cewa "fara ko mayya ce", ku tuna kalar iyayenku mata da suka haife ku. Namiji ya zauna a majalisa, ko sabulun wanka sai uwarsa ta saya masa, amma yana zayyana irin matar da ta dace da shi daga hotunan waya. Wani ma da aurensa, matarsa tana gefe da goyo, yana nuna mata allon waya yana cewa, "Kin ga mata." Wannan ba wasa ba ne, yanka ne ba wuƙa.

Amma maza ba su ne suka yi dariya a gidan bikin nan ba. Mu ne. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, yau kuwa mace ce ke riƙe da gishirin da ake zuba wa ciwon. Mu ne ke zuwa ganin amarya mu dawo muna cewa ba ita ce ta hoto ba. Mu ne ke zuwa barka mu buɗe kunnen jaririya mu duba ko za ta yi baƙi, mu ce "Allah ya sa ta biyo babanta." Tun tana cikin zanen goyo mun fara auna ta. Har an kai ga wasu iyaye suna shafa wa ƙananan yara man bilicin don kada dangin miji su yi gori. Duk muna zuwa Islamiyya, duk mun haddace Suratut Tin, inda Allah ya ce ya halicci mutum a mafi kyawun tsari. A Suratur Rum ya ce bambancin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinsa. A Suratul Hujurat kuwa mata ya kira da kansu, ya ce kada wasu mata su yi wa wasu mata izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri. Ayar Allah kike kalla a jikin 'yar ɗan uwanki kina kiranta gindin tukunya.

Ina tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Baƙa ce wuluk, kuma har ta tsufa in ta shigo taro sai an juyo. Kayan kwalliyarta ba su cika ƙaramin kwando ba: sabulun salo, man kaɗe, kwalli a tandu, lalle, sai goro da fure don haƙori. A zamaninsu baƙa tana da kirarinta, wankan tarwaɗa tana da nata, doguwa da gajera kowa da masu sonta. In za a nema wa yaro aure, gidan ake tambaya, a tambayi hali da kunya da girki. Ban ce ba a gori a lokacin ba, ana yi. Amma in wata ta kuskura ta muzanta yarinya a gaban jama'a, akwai tsohuwar da za ta daka mata tsawa ta ce, "Ke kika halicce ta?" Ranar Asabar na duba tsakar gidan nan kaf, ban ga wannan tsohuwar ba. Tsofaffin ma suna gyara ɗankwali suna tambayar mai hoto ko zai ƙara musu haske.

Ƙannena, ban ce kada ku yi kwalliya ba. Ku yi dilka, ku yi lalle, ku yi kitso, ku yi ƙamshi, tsafta ado ce. Amma in kin lura duk sanda kika ajiye waya sai ki ji kin tsani kanki, to ki san ba alheri take kawo miki ba. In kuma ƙuncin ya zauna ya ƙi tafiya, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, a kai ki ga likita. Zuwa asibiti don damuwa ba hauka ba ne, kuma ba ya rage tawakkali. Mu kuma iyaye da yayye, labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinyar da a da take cika gida da surutu ta koma shiru, kada a ce ta yi hankali, kada a ce miskilanci. A zauna da ita. Kafin nan dai, mu kama bakinmu.

Jiya na koma gidan da hantsi. Uwar ta yarda za mu kai ta asibiti ranar Litinin, bayan na yi ta roƙo, ita tana tsoron kada a ji a ce 'yarta ta taɓu, ta rasa mijin aure. Na leƙa ɗakin, yarinyar tana kwance ta juya wa ƙofa baya, abincin safe yana rufe yadda aka kawo shi. A kan taga na ga wata farar roba ba suna a jikinta. Na tambaya, aka ce goggon ce ta aiko da ita bayan biki, wai a ba ta haƙuri, ta fara shafawa da dare.