A kan wa aka gwada maganin?

Duk lokacin da wani ya turo mini labarin cewa bincike ya nuna wani magani yana rage mutuwa da kashi kaza, nakan tambaye shi abu biyu kafin in taya shi murna: su wa aka yi binciken a kansu, kuma me aka ƙirga a ƙarshe? Wasu suna ɗauka gardama nake nema. Gaskiyar magana ita ce na daɗe ina bibiyar sakamakon gwaje-gwajen asibiti, musamman a kan sankarar mama, da cututtukan da ke kama waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko zuciya, da kuma kula da tsofaffi, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne likitanci ya fi tafka kuskure a lokacin da ya sakankance cewa yawan magani shi ne yawan lafiya. Waɗanda kuskuren ya fi faɗa wa kuwa su ne tsofaffi, domin su aka fi rubuta wa magani, su ne kuma aka fi bari a waje idan za a gwada shi.

Tarihin tiyatar sankarar mama ya isa misali. A ƙarshen ƙarni na 19, William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya kafa tsarin cire maman gaba ɗaya, tare da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa da kaluluwar hammata. Hujjarsa ita ce cutar tana yaɗuwa ne daki-daki daga inda ta tsiro, saboda haka wanda ya yanka da faɗi shi ne ya fi tsare rai. Hankali ya ɗauki wannan magana, likitoci suka bi ta fiye da shekara saba'in, mata suka rayu da ramammen ƙirji da kumburarren hannu suna godiya cewa an cece su. Sai a shekarar 1971 Bernard Fisher da abokan aikinsa suka fara gwada wannan tsari da ƙuri'a, wato a raba marasa lafiya gida-gida ba tare da likita ya zaɓi wadda za ta shiga wane gida ba, domin kada son zuciyarsa ko tausayinsa ya shiga lissafi. A 1976 suka ƙara wani gwajin, suka kwatanta cire mama duka da cire ƙullutun kaɗai. Sakamakon ya fito a 1985, aka kuma sake duba matan bayan shekara 20, aka tarar tsawon rayuwa bai bambanta ba. Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya ya riga ya ba da irin wannan rahoto a 1981. Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne tsawon shekarun da aka kwashe kafin wani ya yi ƙarfin halin tambaya, kuma da Fisher ya yi tambayar, manyan likitocin tiyata da yawa sun ɗauke shi mai wasa da rayukan mata.

Mutum zai zaci an ɗauki darasi, amma a shekarun 1990 aka sake faɗawa rami irin wancan. Aka ce idan maganin kemoterafi daidai gwargwado yana kashe wani ɓangare na cutar, to a ninka shi har ya ƙone ɓargon ƙashi, sannan a mayar wa mace da ɓargonta da aka ɗiba aka adana tun farko. Dubun-dubatar mata a Amurka suka sha wannan wahala, wasu suka kai kamfanonin inshora kotu don a tilasta musu biya, kuma gwaje-gwajen ƙuri'a suka yi ta jan ƙafa saboda mata ba sa son ƙuri'a ta jefa su gidan da ba a yin dashen. Da sakamako ya fito a 1999, yawancin gwaje-gwajen ba su nuna wani ƙarin tsawon rai ba. Wanda ya nuna gagarumar nasara, daga Afirka ta Kudu, da aka binciki takardunsa a shekarar 2000 sai aka tarar an yi coge a bayanan. Wasu daga cikin matan maganin ne ya kashe su tun cutar ba ta kai ga haka ba, da yawa ta hanyar ƙwayoyin cutar da suka samu jiki ba mai tsaro. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Kada a fahimce ni a baibai, irin wannan gwaji na ƙuri'a shi ne ya tabbatar da magungunan da suka ceci rayuka da gaske. Shan tamoxifen na shekara 5 yana rage mutuwa daga irin sankarar da sinadarin mace ke ciyarwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma trastuzumab, wanda aka amince da shi a 1998, ya sauya makomar matan da cutarsu ke ɗauke da alamar HER2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 suna kai shekara 5 bayan gano cutar, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40, kuma babban dalilin wannan rata shi ne matakin da cutar ta kai kafin a gano ta, da ko mace ta samu ta kammala jinya.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne shekarun matan da ake gwaji a kansu. Wani nazari da aka buga a 1999 ya nuna cewa a Amurka masu shekara 65 zuwa sama su ne kusan rabin masu sankarar mama, amma a gwaje-gwajen wata babbar ƙungiyar bincike kashi 9 cikin 100 kacal suka samu shiga. Ke nan likitan da ke zaune gaban dattijuwa mai shekara 78, mai hawan jini da raunin ƙoda, yana auna mata magani ne da mudun da aka sassaƙa don mace mai shekara 50. Da aka zo aka yi gwaji a kan tsofaffin kansu, amsar ta zo da nata salon. Wani gwaji a Amurka mai mata 636 masu shekara 70 zuwa sama, da wani mai suna PRIME II mai mata 1,326 masu shekara 65 zuwa sama, sun tambaya ko dattijuwa mai ƙaramin ƙullutu mai sauƙin hali, wadda aka cire mata shi kuma take shan maganin toshe sinadarin mace, tana buƙatar gashi da haske, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura. A duka biyun, bayan shekara 10, cutar ta dawo a maman kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda ba a gasa ba, a waɗanda aka gasa kuwa kashi 1 zuwa 2, amma yawan waɗanda ke raye bai bambanta ba. Wanda ya ƙirga dawowar cuta zai ce gashi ya yi nasara, wanda ya ƙirga rai zai ce ana iya barinsa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A ganina hukuncin na matar ne, muddin an shimfiɗa mata lambobin nan biyu da harshen da take ji.

Dashen gaɓa shi ne fagen da wannan awo ya fi tsanani, domin maganin da ke tsare gaɓar shi ne ke buɗe wa cuta ƙofa. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, shi ya sa jiki bai ƙi baƙuwar ba. Ga sauran mutane dole a danne garkuwar jiki. Mutumin da Christiaan Barnard ya dasa wa zuciya a Cape Town a 1967 ya rayu kwana 18, kuma ciwon huhu ne ya ɗauke shi zuciyar tana aikinta. Zuwan cyclosporine, maganin danne garkuwar jiki, a 1983 ya sa gaɓoɓi suka fara daɗewa, amma halin gaba kura baya sayaki yana nan: a rage magani jiki ya yaƙi gaɓar, a ƙara shi ƙwayoyin cuta su samu fili. Masu bincike sun lura cututtukan suna zuwa ne da lokacinsu. A watan farko bayan dashe cututtukan asibiti ne, daga rauni da robobin da aka sa a jiki. Daga nan zuwa wata na shida sai masu kwanton ɓauna, waɗanda ke kwance a jiki shekara da shekaru ba su tanka ba, irin su ƙwayar bairos da ake kira CMV da tarin fuka. Bayan haka sai cututtukan da kowa ke ɗauka, sai dai su sukan zo musu da ƙarfi. A nan kam ƙarin magani ya yi rana. Wani gwaji da aka buga a 2010 a kan masu dashen ƙoda da ke cikin haɗari mafi girma ya nuna cewa tsawaita rigakafin valganciclovir daga kwana 100 zuwa 200 ya sauko da ciwon CMV a shekarar farko daga kusan kashi 37 zuwa kashi 16. Sai dai garkuwar tsoho ta riga ta yi sanyi da kanta, jikinsa bai cika ƙin gaɓa kamar na matashi ba, cuta kuwa ta fi saurin kayar da shi. Rahoton da ya yi alfahari da cewa ƙoda ba ta lalace ba, alhali mai ita ya mutu da ciwon huhu, bai ƙirga abin da iyalinsa suka ƙirga ba.

Gwaje-gwajen da aka tsara musamman don tsofaffi ba su da yawa, amma duk wanda aka yi sai ya gyara wani zato. A 2018 gwajin ASPREE, mai mutum fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka, yawancinsu masu shekara 70 zuwa sama kuma lafiyayyu, ya nuna shan asfirin kullum bai ƙara musu shekarun lafiya ba, zubar jini mai haɗari ya ƙara musu. Shekara goma kafin nan, gwajin HYVET ya yi akasin haka: likitoci da yawa suna tsoron taɓa hawan jinin wanda ya haura 80, sai ga shi maganin ya rage mutuwa da kusan kashi 21 cikin 100. Zato ya ce a ba da asfirin, a bar hawan jini, kuma a duka biyun zato ya faɗi. Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin da aka buga a 2021 a kan masu ciwon daji da ya yi nisa, 'yan shekara 70 zuwa sama. Kafin a fara jinya an auna tafiyarsu da tunaninsu da abincinsu da tarin magungunan da suke sha, aka miƙa wa likita sakamakon. Mummunar illar magani ta sauka daga kashi 71 zuwa 51, an fara wa da yawa da awo mai sauƙi, kuma rayuwarsu ba ta gajarta ba. Haka ma a 1999 Sharon Inouye ta nuna a asibitin Yale cewa mayar wa tsoho tabaransa da na'urar jinsa, da tayar da shi ya taka, da ba shi ruwa, da barinsa ya yi barci da dare, ya rage ruɗewar da ke kama tsofaffi a gadon asibiti daga kashi 15 zuwa kusan 10. Babu kamfanin da zai yi tallar wannan, domin babu abin sayarwa a ciki, kuma ina zargin shi ya sa irin wannan bincike ke wahalar samun mai ɗaukar nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 mutum 1 cikin 6 a duniya zai kasance ya kai shekara 60. Tun 2019 babbar cibiyar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta wajabta cewa duk mai son ware mutane saboda shekaru sai ya kawo hujja. Mataki ne mai kyau, amma ban ɗauke shi ya wadatar ba, domin ana iya goge iyakar shekaru daga takarda a bar sharaɗin cewa mai raunin ƙoda, ko mai ciwon zuciya, ko mai mantuwa, ko wanda ba zai iya zuwa asibiti duk mako ba, ba zai shiga ba. Waɗannan sharuɗɗa suna tace tsofaffi sarai, sai a samu 'yan ƙalilan masu shekara 75 da ƙarfin ɗan 55, a rubuta a rahoto cewa an haɗa da tsofaffi. Shi ya sa idan rahoto ya zo hannuna nakan fara da jadawalin farko, wanda ke nuna shekarun mahalarta da cututtukan da suke tare da su, da jerin waɗanda aka hana shiga, kafin in duba abin da aka rubuta a kanun labari.