Wai mu za a koya wa amfanin wake?

A watan Yulin da ya wuce wani abokin aikina ya ja ni kallon gonaki a bayan garin Saskatun, nan lardin Saskacewan na Kanada. Ƙasar a shimfiɗe take, ba dutse ba tudu. Sai ka daɗe kana gudu a mota ba ka ga mutum ko ɗaya a gona ba, sai injin feshi mai fukafukai da suka fi titi faɗi. Nan gonar kanola ce, wadda ake matsar mai, ta yi fure ruwan ɗorawa iya ganinka. Can alkama kore shar. A gefe rumbunan ƙarfe jere suna ƙyalli. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare.

Mai gonar da muka tsaya wani dattijon Bature ne. Ya kai mu fegin adas, ɗan mitsitsin waken nan da alhazai suka sani a Saudiyya, gajere, ko gwiwa bai kai ba. Ya sa shebur ya tono guda, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna mana 'yan ƙulle-ƙullen da ke manne da saiwar. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce ƙwayoyin halitta ne a ciki suke zuƙo naitirojin daga iska su ba shukar, shi ya sa alkamar da za ta biyo baya ba ta cin taki da yawa. Sai ya juyo gare ni ya ce da mu a Afirka za mu koyi shuka irin wannan, da mun rage wahalar fari da tsadar taki.

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma maganar ta soke ni, har yau ba ta sake ni ba.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da muke ci, Nijar na bin ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe lokacin kaka ya ga tireloli suna lodi zuwa kudu, ba sai an ba shi labari ba. Babana a Dukku bai taɓa jin sunan naitirojin ba, amma bai taɓa barin gero shi kaɗai a gona ba. Da geron ya tasa zai bi tsakani da wake. Waken ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, rana ba ta busar da ita da wuri, ruwa mai ƙarfi ba ya kwashe ta. Shekarar da ruwa ya yi wasa, in wani ya ƙi wani zai yi. Harawa ta tumaki ce, takinsu ya koma gona. Abin da ake tara masana a otal ana kira dabarar jure sauyin yanayi, shi ne wannan.

Su kuwa yaushe suka fara? A 1978 ne Jami'ar Saskacewan ta fitar da irin adas mai suna Laird, wanda ya buɗe musu harkar. A da, al'adarsu ita ce su bar gona fayau shekara guda don ta tara danshi, iska tana ta kwashe ƙasar. Ko shekara hamsin ba a yi ba, ga shi Kanada ce kan gaba wajen sayar da adas a duniya, har Indiya da Turkiyya na saye a wurinta.

Ba zan hana su haƙƙinsu ba. Duk manomin da ya sayar da adas ana cire wani ɗan kaso a zuba a bincike, iri mai kyau ya dawo masa. Suna da inshorar amfanin gona; lokacin da fari ya buge su a 2021 ita ta tare wa da yawa. Mu kuwa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma wannan abin kunya ne. To amma a tuna, su Allah ya ba su hunturun da ke daskarar da komai wata da watanni, ƙwaro ba ya sakewa a rumbunsu. A kawo adas ɗin nan a ajiye shi a shago a Bajoga cikin zafin Afrilu, mu ga gwanintar. Kuma ba a zaune muke ba: buhun PICS mai leda biyu a ciki yana riƙe wake ba tare da guba ba, masu bincike a Samaru sun fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019 mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, ga irin da ke nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, daidai da daminar yanzu mai zuwa a makare ta ɗauke da wuri. Ilimin yana nan. Isar da shi ƙauye ne ya gagara.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba Baturen ba ne. Zuwana gida na ƙarshe, gonar Baba masara ce zalla daga wannan iyaka zuwa waccan. Masara ba ta san haƙuri ba: in ba taki ba ta yi, in ruwa ya tsaya lokacin da take bunni an gama. Taki kuma tun 2022 ya fi ƙarfin talaka. Na yi wa ƙanena magana a waya, ya ce, "Yaya, kai kana can. Wake sai feshi kan feshi, ga tsinka, yaran duk sun tafi Gombe acaɓa. Wa zai roro mini?" Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma ƙasar tana gajiya a idonsa, wuta-wuta na ƙaruwa, kuma bashin taki ne ke cinye abin da ya samu.

Na tambaye shi gurjiya fa? Ya yi dariya. Inna tana da ɗan fegi a bayan gida, wurin tsakuwa da ba abin da ke yi, nan take shuka gurjiyarta. Ba taki, ba feshi, kuma ko a shekarar da gero ya ƙone sai mun ci dafaffiya da gishiri. Irinta ja ne mai ɗigo-ɗigo, tana ajiye shi cikin toka a tulu, ta gada ne daga tata uwar. Tunda ƙafa ta hana ta fita, ba wadda ta karɓa a cikin matan gidan. Ƙanena ya ce ya duba tulun, ba komai. Mutanen nan da nake zaune a cikinsu suna da ɗaki mai sanyi na musamman don adana iri, nan cikin Saskatun. Namu irin, wanda ya san farin ƙasarmu tun kakanni, ya salwanta a gida ɗaya ba wanda ya lura.

Don Allah, duk wanda ya san inda ake da irin jar gurjiyar nan a Dukku, Nafaɗa ko Funakaye, ko a hannun wata tsohuwa ne, ya yi mini magana. Zan saya kafin ruwan shuka, kuma zan biya wanda zai noma ta a fegin Inna.