Ku bar wa tsattsewa sheƙarta

Jiya bayan la'asar na tarar da yaran magini riƙe da dogon gora suna kakkaɓe sheƙun tsattsewa daga ƙarƙashin rufin masallacin unguwarmu a Tudun Wada, wai za a sa sabon silin. Na sunkuya na ɗauki ɗan tsako ɗaya, ko gashi bai fara ba, idonsa a rufe, jikinsa da sauran ɗumi. Iyayen na ta shawagi a kanmu suna kuka. Wallahi har yanzu abin na cina.

Na ce wa shugaban kwamiti, "Baba Alhaji, da an jira su tashi mana." Ya ce, "Ɗana, kashinsu ne ya ishe mu a kan tabarmi." Ban ƙi tasa ba, ni ma na sha share shi. Amma falle ɗaya na katako a ƙasan sheƙar ya isa ya tare kashin, kuɗinsa bai kai na bokitin fenti ba.

Da yawanmu ba mu san wace ce wannan tsuntsuwa ba. Ƙafafunta ƙanana ne ƙwarai, ba ta iya zama a kan wayar lantarki, sai dai ta maƙale a bango. Ci a sama, sha a sama. Sheƙarta ma da gashin tsuntsu da ɗan hakin da iska ta kwaso take haɗa ta, ta liƙe da yawunta, kuma wurin da ta saba nan take komawa. Irin da ke zama a giginya kuwa har ƙwan take mannewa da yawu a sheƙar da ta liƙa a jikin ganye don kar iska ta zubar. Ku tsaya bakin Kogin Kaduna gab da magariba, musamman ranar da shinge ya fito bayan ruwan fari, ku ga yadda suke wawure ƙwari. Aikin da muke sayen maganin feshi dominsa, suna taya mu kyauta.

Akwai 'yar'uwarta baƙuwa da ke ƙyanƙyasa a Turai, ta keto Sahara ta ratsa Afirka ta Yamma zuwa dazukan Kwango. A 2016 masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin suka tabbatar tana iya wata 10 a sama ba ta sauka ba. A Ingila yawanta ya ragu da fiye da rabi tun 1995, har aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari a 2021, kuma cikin dalilan akwai toshe ramukan tsofaffin gidaje wajen gyara. Yanzu mutanen unguwanni ke bi suna roƙon magina su sa bulo mai rami dominta. Mu namu suna nan, da hannunmu muke korar su.

Wannan ba maganar gwamnati ba ce, tamu ce: liman, mai unguwa, magini da malamin Islamiyya. A tuna wa yaran da ke harbi da danƙo hadisin nan da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su.

Saura sheƙa shida a bangon gabas. Baba Alhaji ya yarda a dakata da wannan ɓangaren har 'ya'yan su tashi, ni kuma na ɗauki nauyin katakon. Asabar da safe za mu kafa, mai tsani a kusa ya ara mana.