Wai namiji ɗaya mata huɗu, ashe maza uku ya zuba min a leda

Wallahi jama'a raina a ɓace yake tun safe. Na tashi zan ba kifayena abinci kawai sai na hango ɗaya daga cikin rawayen nan ta maƙale a bayan bututun filta, ciki sama, wutsiya duk a yage kamar an sa almakashi, gefen jikinta ɓawon ya kwashe har fari ya fito. Macen da na kwashe sati uku ina lallaɓawa kenan. Kuma ba ciwo ba ne ya kashe ta, dukan kawo wuƙa aka yi mata cikin dare, kuma laifin nan ba zan ɗora wa kowa ba sai mutumin da ya sayar min da su yana rantse-rantse.

Bari in faro daga farko dan waɗanda ba su san harkar ba su gane. Kifayen da nake kiwo a tankin gilas sikilid ne, dangin karfasa, irin wanda ake kira saulosi, asalinsu tafkin Malawi ne wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya. Suna cikin rukunin da ake cewa mbuna, masu zama a tsakanin duwatsu suna kankarar gansakuka, su saulosin ƙanana ne ba sa wuce santimita 8 zuwa 9 amma masifarsu ta fi jikinsu. Duk wanda ya taɓa kiwon mbuna ya san ƙa'ida ɗaya, namiji ɗaya sai a haɗa shi da mata uku ko huɗu ko fiye, dan fitinarsa ta rarrabu a kansu kar ya tasa guda ɗaya a gaba har ya ga bayanta. Da wannan lissafin na je wajen mai sayarwa. Na ce masa malam namiji ɗaya nake so da mata huɗu, in ba ka da tabbas ka faɗa min in haƙura. Ya ce haba yallaɓai, ni da na shekara da shekaru a harkar nan? Ya ɗaga leda sama wajen haske yana nuna min da yatsa, wai ka ga wannan shuɗin mai ratsin baƙi shi ne namiji, waɗannan rawayen huɗu kuma duk mata ne, ka duba ma ba su da ɗigon ƙwai a fiffiken ƙasa.

To abin da bai faɗa min ba, ko dai bai sani ba ko ya sani ya yi mirsisi, shi ne saulosi duk rawaya ake haihuwarsu, mace da namiji. Sai namiji ya fara balaga sannan yake rikiɗa ya koma shuɗi da ratsin baƙi. Sannan ko ya balaga ɗin ma, in dai akwai babban namiji da ya fi shi ƙarfi a tankin, sai ya ƙi sa launin, ya ci gaba da zama rawaya yana sajewa da mata dan ya tsira da fatarsa. Kenan rawaya a tankin mai sayarwa inda aka cusa kifi talatin ba ta nuna komai. Shi kuma ɗigon ƙwai da yake ta tutiya da shi, wato ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙwai da ke jikin fiffiken ƙasa kusa da wutsiya, mata da yawa a cikin mbuna suna da shi, ƙananan maza kuma nasu bai gama fitowa ba. Da wannan za ka rantse wa mutum?

Wata biyu ba a cika ba na fara ganin ɗaya daga cikin "matan" fuskarta na yin duhu, wani toka-toka yana hawa kan rawayar, ratsi yana ɓullowa yana ɓacewa, in babban ya nufo sai launin ya dushe nan take kamar an kashe fitila, in ya juya baya ya dawo. Na ce ko idona ne. Bayan kwana goma ta biyu ma ta fara. Daga nan tanki ya zama filin daga, kowa ya kama kusurwa yana haƙa rami, su ɗebo yashi da baki su je su tofar a gefe har gilashin ƙasa ya bayyana, su buɗe fikafikai su tsaya gefe da gefe suna kaɗa wa juna ruwa, sai zagaye da gudu baki a wutsiyar ɗan uwa, sai a kama baki da baki ana turereniya. Wani da ya shigo ya gani har cewa ya yi kai sumbatar juna suke, na ce kokawa ce wannan, ka duba leɓensu yadda ya yi fari duk ya saluɓe.

Maza uku mata biyu a tankin lita 200. Lissafin da na gudu shi na kwaso da hannuna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na ga barbararsu da idona kuma abin gwanin sha'awa ne. Babban namijin ya share wani faifan dutse, launinsa ya ƙara turuwa, ya riƙa zuwa gaban macen yana karkarwa jikinsa na rawa kamar mai jin sanyi, ya juya ya ja ta zuwa wajen. Suka shiga zagaye, ta saki ƙwai ɗaya ko biyu ta juyo ta tsince da baki, shi kuma ya kwantar da fiffiken nan mai ɗige-ɗige a kan dutsen, ta kai baki tana tsinta kamar ƙwan ne ya rage, a nan yake sakin maniyyi ya haɗu da ƙwan a cikin bakinta. Haka suka yi ta yi har ta gama. Daga ranar maƙoshinta ya kumbura ya zazzago, ta daina cin abinci, in na zuba sai ta zo ta kalla ta koma, tana ta motsa baki a rufe tana juya ƙwayayen. Kusan sati uku suke yi a haka ba ci. Wajen ƙarshe in ka haska da tocila a hankali har idanun 'ya'yan za ka hango baƙi-baƙi ta fatar haɓarta. Ta tofar da su a wani lungun duwatsu, goma sha biyu na ƙirga, ta fito a rame ciki ya lotsa ba ƙarfi, kuma a daidai lokacin da take buƙatar hutu ta ci ta murmure sai ga maza uku kowa na son ta sake. Wannan ya kore ta daga ramin sa ta faɗa yankin wancan, wancan ya kore ta ta faɗa na uku. Eh na san ya kamata in ware ta tun kafin ta tofar, wannan sakacina ne na yarda, na yi niyyar yi da safe ne saboda kama mbuna a tanki mai duwatsu sai ka kwashe dutsen kaf. Amma da mata huɗu ne da gaske kamar yadda aka rantse min, da bai kai ga haka ba a dare ɗaya.

Na kira mai sayarwar. Wai ruwana ne ba kyau. Ruwa! Na ce malam ruwana pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, 8 ne, zafinsa digiri 26 hita na aiki, kashi ɗaya cikin uku nake canzawa duk sati, kuma tun da nake ban taɓa jin ruwan da ke yaga wutsiya ya kwashe ɓawon kifi ba. Da ya ga nan ba mafita sai ya ce ai yallaɓai wani lokacin su kan canza jinsi ne in sun je sabon wuri. Fisabilillahi kifin rijiya ya maida ni ko me? Na tura masa bidiyon mazan uku suna dambe, ya gani, alamar ta yi shuɗi kamar kifin nasa, har yanzu ba amsa.

Kuma fa hanyar ganewa tana nan ba ɓoyayya ba ce. Ka jiƙa hannunka, ka kamo kifin a raga, ka juya shi ciki sama, gaban fiffiken ƙasan nan akwai 'yan ƙofofi biyu, ta gaba da ke ɓangaren kansa dubura ce, ta bayan ita ce ta haihuwa. In biyun kusan girmansu ɗaya ne namiji ne, in ta bayan ta fi faɗi sosai mace ce dan ta nan ƙwai ke fita. Ni da waya na yi, na ɗau hoto na zuƙo shi, sakan kaɗan ka maida kifin ruwa. Ita ma wannan sai kifin ya tasa, a kan ɗan ƙarami ko ƙwararre sai ya yi kuskure. To me zai hana ka ce min yallaɓai waɗannan ƙanana ne ba a ganewa tukuna, ka ɗebi takwas ko goma ka raina, in mazan sun bayyana ka cire rarar? Haka masu kiwo na gaskiya suke ba da shawara, da ma shi ya fi sayarwa a hakan. Amma a'a, gara ya yi ƙarya ya nuna shi gwani ne.

Ba ni kaɗai ba ne kuma. Akwai wanda muke harkar tare, an sayar masa da anjel biyu wai miji da mata, su ma sikilid ne amma na Kudancin Amurka masu jera ƙwai a jikin ganye ko gilas. Sun yi ta share wuri suna zuba ƙwai duk bayan 'yan makonni, ƙwan ya yi fari ya yi gashi-gashi ya lalace, yana ta zargin kansa yana zuba magani, sai da ya zauna ya ƙura ido ranar zubawa ya ga dukkansu biyu bututun haihuwarsu mai kauri ne mai dakushin baki, na namiji kuwa siriri ne mai tsini. Mata biyu ne suka haɗa kai suna ta wahalar banza. Kar ma a zo maganar masu ɗura wa ƙananan Aulonocara, wani sikilid na tafkin Malawi, abinci mai sinadarin homon dan kowa ya yi launi har matan da asalinsu toka-toka ne, ka kai gida bayan 'yan makonni launin ya wanke.

Yanzu dai na kwashe duwatsun kaf, falo duk ruwa, na kamo mazan biyu na zuba su a ƙaramin tanki da raga a tsakani dan su ma ba sa ga maciji, kuma kafin awa ɗaya kowannensu ya koma shuɗi sosai tunda ba mai danne shi. Ban san inda zan kai su ba, wa zai karɓi namijin saulosi shi kaɗai? A 'ya'yan nan goma sha biyu huɗu kawai nake gani. Macen da ta rage kuma tun shekaranjiya maƙoshinta ya kumbura ta daina ci, ita kaɗai da babban namijin, ga ni ba tanki na uku.