Kafin Ka Tura Bidiyon Ungulayen Tibet

Duk bayan 'yan watanni sai bidiyon nan ya sake dawowa a WhatsApp da Facebook: gawar mutum a kwance a kan dutse, wani tsaye da wuƙa a hannu, ungulaye sun yi dafifi suna jira. Wanda ya turo zai rubuta "Alhamdulillahi da ni'imar Musulunci", kuma ba ni da ja a kan wannan, godiya ce a muhallinta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya a ƙasa. Masu dariya, masu cewa dabbobi ne, masu cewa waɗannan ba su san darajar ɗan Adam ba. Jama'a, gawar da ke cikin bidiyon nan uban wani ne ko uwar wani. Waɗanda suka goyo ta suka hau dutse da ita tun kafin gari ya waye sun kwana suna kuka. Tun 2005 hukumomin yankin Tibet da ke China suka hana baƙi kallon wannan jana'iza da ɗaukar hotonta, saboda yadda masu yawon buɗe ido suka mayar da ita abin kallo. Kafin ka tura wa wani, ka tambayi kanka wa ya ba mai kyamarar izini.

Tibet ƙasa ce a kan tudu, yawancinta ta haura mita 4,000 daga bakin teku. Dutse ne a ƙarƙashin ƙafa, kuma sanyi yana daskarar da ƙasar a yawancin shekara, haƙa kabari a can aiki ne ja. Itace ya yi ƙaranci, shi ya sa tun da can ƙona gawa ya zama na manyan malamansu da masu hali. Talaka ya rasu, ba rami, ba itace, to ina za a kai shi?

Amma ba larura ce kaɗai ba, akwai aƙida a ciki, ta addinin Buda da suke bi. Idan mutum ya cika, ana barin gawarsa a gida kwana uku ko fiye, malamai na karanta masa addu'o'insu, domin a ganinsu yana cikin tafiya tsakanin mutuwa da wata sabuwar haihuwa, tafiyar da kan kai kwana 49. Jikin kuwa, a wurinsu, ya tashi aiki. Abin da ya rage shi ne a yi kyauta ta ƙarshe da shi ga masu rai da ke jin yunwa. A kan dutsen ana turara hayaƙin wani itace mai ƙamshi, masu aikin su sassara gawar, tsuntsaye su sauko. Ƙasusuwan da suka rage a daka su, a cuɗa da garin sha'ir, shi ma a ba su. Idan tsuntsaye suka cinye tas, dangi su koma gida da sanyin zuciya. Suna da labari a cikin addininsu cewa Buda, wanda ya kafa addinin, a wata rayuwa da ya yi can baya, ya miƙa jikinsa ga wata damisa da yunwa ta kusa sa ta cinye 'ya'yanta. Da wannan idon suke kallon abin da mu muke kallo muna tsaki.

Addinin ma baki ɗaya daga ganin gawa ya faro. Sidarta Gautama, wato Buda, ɗan sarauta ne, an haife shi a Lumbini da ke Nefal ta yau kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyansa suna ba da labarin cewa mahaifinsa ya killace shi a cikin daula don kada idonsa ya ga wahala. Ranar da ya fita gari sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga an ɗauko gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar fada da mata da ɗa, ya shiga daji yana neman maganin wannan abu da ba ya barin kowa. A Bod Gaya da ke jihar Bihar ta Indiya suka ce ya samu abin da yake nema, ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu a Kushinagar yana da 80.

A cikin labaransu akwai wanda ya fi tsaya mini a rai, na wata mata mai suna Kisa Gotami. Ɗanta ɗaya tilo ya rasu yana ƙarami. Ta ƙi yarda. Ta ɗauki gawar a kafaɗa tana bin gida gida tana neman magani, wasu na korar ta, wasu na cewa ta zare. Wani ya tausaya mata ya tura ta wurin Buda. Bai yi mata wa'azi ba, bai ce mata yaron nan ya mutu ba. Ya ce ta je ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, wani iri da ake girki da shi, amma daga gidan da ba a taɓa yin rasuwa ba. Ta fita da murna, domin mastad kowane gida akwai shi. Gidan farko suka ɗebo mata, ta tambaya, suka ce ai bara muka binne mahaifinmu. Na biyu, miji. Na uku, 'ya. Ta yini tana yawo, kowace ƙofa ta buɗe sai ta tarar da mai irin ciwonta, har yamma ta yi ba ta samu ƙwaya ɗaya ba. Da kanta ta kai yaron inda ake kai matattu, ta dawo. Duk macen da ta taɓa zama a ɗakin ta'aziyya, mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya kowace na faɗa mata nata rashin, ta san abin da ya faru da matar nan a wannan yinin.

Har yau a Tailan da Siri Lanka akwai sufayensu masu mayafi ruwan goro da ke zama gaban gawa, ko hoton gawa, suna nazarin yadda take kumbura, ta ruɓe, ta koma ƙashi, suna faɗa wa kansu cewa jikina ma haka zai zama. Sufayen farko ma daga tsummokaran da aka yar, har da na jikin matattu, suke ɗinka mayafinsu, shi ya sa a jana'izar Tailan ake ɗora sabon ƙyalle a kan akwatin gawa, sufi ya zo ya janye shi yana karanta cewa duk abin da aka haɗa sai ya rabu. Mu da aka umarce mu da yawaita tuna mai yanke jin daɗi, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Kada wani ya juya mini magana. Ni Musulmi ne, ban yarda da sake haihuwa ba, ban yarda da addinin da bai kafu a kan Mahalicci ba, kuma na yi imani mutuwa ɗaya ce, sai kabari, sai tashi, sai hisabi. Tsakanina da mai bin Buda akwai tazara mai nisa a aƙida, kuma ba na neman a cike ta da kalamai masu daɗi. Amma addinin nan nawa shi ne ya hana ni zagin abin da wasu ke bauta wa, a Suratul An'am aya ta 108. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da jana'iza ta gaban Manzon Allah (SAW) sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ban ga yadda za a haɗa wannan hadisi da alamar dariya a ƙarƙashin gawar ɗan Tibet ba.

Wuraren bautarsu ma da yawa a kan ragowar mamaci aka gina su. Da aka ƙona gawar Buda, an raba abin da ya rage kashi takwas, kowane kashi aka yi masa tudun gini a kansa, daga nan salon ya bazu. A Kandy ta Siri Lanka akwai haikalin da suka ce haƙorinsa na ciki, a Yangon ta Myanmar akwai Shwedagon mai rufin zinariya da suka ce gashinsa na ƙarƙashi. Borobudur kuwa, wanda aka gina a ƙarni na 9, a tsibirin Jaba yake cikin Indonesiya, ƙasar da ta fi kusan kowace yawan Musulmi, kuma maƙwabtansa Musulmi ne, su ke share shi su ke sayar wa maziyarta abinci.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi: mabiya Buda ba su ne suka kashe 'yan Rohinga, Musulmin Myanmar, ba? Daga watan Agustan 2017 sojojin Myanmar suka ƙona ƙauyuka a jihar Rakhine, mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, yawancinsu har yau suna sansanonin Cox's Bazar. Kuma gaskiya ne akwai sufaye irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙin Musulmi daga kan mumbarinsu. Ba zan rage wa wannan ko ƙwayar zarra ba, kuma ina alfahari da cewa Gambiya ce, daga nan Afirka ta Yamma, ta kai Myanmar Kotun Duniya a 2019. Sai dai makiyayin da aka kai gawarsa kan dutse a Tibet bai taɓa ganin Rakhine ba. Shugaban addininsu, Dalai Lama, ya fito a watan Satumban 2017 ya ce da Buda yana nan da ya taimaki Musulmin nan. Mu mutanen arewa mun fi kowa sanin zafin a ɗora wa al'umma guda laifin wasu tsiraru da suka ɗauki makami da sunan addininta.

Abin da ya faru a Siri Lanka shi ne ya kamata ya sa mu yi shiru mu yi tunani. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta ce duk wanda korona ta kashe dole a ƙona shi, ko wane addini yake bi. Hujjarsu ita ce binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce binnewa ba ta da laifi. Musulmi kusan kashi 10 cikin ɗari ne a ƙasar. An ƙona gawarwakinsu sama da 200, har da jariri ɗan kwana 20 a watan Disamba. Wasu iyalai suka ƙi karɓar toka, suka ƙi biyan kuɗin akwati, wasu suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu a gida don tsoron asibiti. Mutane suka dinga ɗaura farin ƙyalle a jikin shingen maƙonar gawa ta Borella a Kolombo, cikinsu har da waɗanda ba Musulmi ba. Sai a ƙarshen Fabrairun 2021 aka janye dokar, kuma sai a Yulin 2024 gwamnati ta nemi afuwa.

Mun ji zafin wannan har cikin ƙashi, kuma muna da gaskiya. Amma me ya sa da yawa daga cikin masu rinjaye a can ba su ga girman abin ba? Domin a wurinsu ƙona gawa girmamawa ce, ita aka yi wa Buda kansa. Ba su tsaya sun tambaya me wanka da likkafani da fuskantar alƙibla suke nufi a zuciyar Musulmi ba. Sun auna jana'izar wani da mudunsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A Japan kuwa fiye da kashi 99 cikin ɗari na matattu ƙona su ake yi, kuma yawancin jana'iza sufayen Buda ne ke jagoranta. Bayan wuta ta mutu, ana fito da tiren ƙasusuwa gaban dangi. Su tsaya biyu biyu, kowa da dogayen tsinkaye irin na cin abincinsu, su ɗauki ƙashi ɗaya tare su sa a tulu. Daga ƙafa ake farawa a ƙare da kai, don kada mamaci ya zauna a kife. Jika da kaka, ɗa da uwa, hannu na rawa, suna tsince nasu. Wanda ya ga wannan ba zai ce mutanen nan ba su damu da matattunsu ba.

Musulmin da ke zaune a can, 'yan Indonesiya da Pakistan da Bangaladesh da 'yan ƙasar da suka musulunta, babbar damuwarsu ita ce inda za a binne su, domin maƙabartun da ke karɓar gawa ba ƙonawa 'yan kaɗan ne a faɗin ƙasar. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa tana lardin Yamanashi, a gefen wani haikalin Buda mai suna Monjuin, wanda ya yarda aka ba Musulmi fili tun shekaru da dama da suka wuce. A can ake jera 'yan uwanmu suna fuskantar alƙibla, ƙararrawar haikali na kaɗawa a kusa da su.

A garin Hiji da ke lardin Oita abin bai zo da sauƙi haka ba. Ƙungiyar Musulmin Beppu, garin da ke maƙwabtaka da shi, ta yi shekaru tana neman izinin buɗe maƙabarta, ana zama ana tashi da mazauna yankin. Masu adawa suna cewa ruwan shansu zai gurɓata, wasu kuma tunanin a sa mutum cikin rami a bar shi ya ruɓe ne ke tayar musu da tsigar jiki, abin da mu muke kira sutura. A 2024 aka zaɓi magajin garin da ya yi yaƙin neman zaɓe a kan ƙin amincewa da maƙabartar, magana ta tsaya cik. Musulmin da ya rasu a wannan yanki, sau da yawa sai a ɗauki gawarsa a yi doguwar tafiya da ita zuwa wani lardin, ko dangi su yi karo-karo a sa ta a jirgi zuwa ƙasarsu.